D. BOON: MAKAƊIN GARIN 'YAN DAKO

A can ƙasar Amurka, cikin Jihar Kalifoniya, akwai wani gari a bakin teku ana ce da shi San Pedro. A nan ne babbar tashar jiragen ruwa ta birnin Los Anjalis take, kamar dai yadda Apapa take ga Ikko. A da gari ne na 'yan dako da masunta da maƙeran jiragen ruwa da ma'aikatan gidajen kifin gwangwani, galibinsu kuwa baƙi ne ko 'ya'yan baƙi waɗanda neman abinci ya kawo daga Italiya da Kuroshiya da Meziko da sauran ƙasashe. Ba a san garin da kiɗa ba, ba a kuma san shi da masu kuɗi ba. Yaron da duk ya tashi a cikinsa a wancan zamani, abin da aka fi sa masa rai da shi bai wuce uku ba: ko ya shiga sojan ruwa, ko ya kama aiki a tasha, ko kuwa ya tsufa a kamfanin kifi.

A wannan gari ne Dennes Dale Boon ya tashi, wanda aka fi sani da D. Boon, mawaƙi kuma makaɗin jita na wata ƙungiya mai mutum uku da ake kira Minutemen. Shekara 27 kaɗai ya yi a duniya. Bai tara dukiya ba, waƙarsa ba ta taɓa shiga sahun waɗanda suka fi kasuwa a Amurka ba, har ya mutu kuwa shi ke ɗaukar kayan kiɗansa da hannunsa. Amma duk da haka har yau ana lissafa shi cikin waɗanda suka sake wa kiɗan samarin ƙasar alƙibla. Dalili kuwa shi ne ya nuna a aikace cewa ɗan lebura ma yana iya tsara waƙarsa, ya buga faifansa, ya zaga ƙasa da shi, ba tare da ya jira wani babban kamfani ya yarje masa ba.

HAIHUWA DA ƘURUCIYA

An haifi Boon ran 1 ga watan Afrilu na shekarar 1958. Ubansa tsohon sojan ruwa ne, da ya bar soja sai ya koma aikin sa wa motoci rediyo. Gidan da suka zauna a San Pedro asalinsa barikin soja ne na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda hukuma ta mai da shi gidajen haya masu araha domin marasa ƙarfi. Ba a cika jin wani kiɗa a gidan ba sai na mutanen karkarar Amurka, irin na Buck Owens. Yaron ya tashi kakkaura, mai son zane da karatun tarihi, ga shi kuma da son wasan soja a cikin itatuwa.

Wannan wasan sojan ne ma ya haɗa shi da babban amininsa. Wata rana, yana da shekara 13, ya hau itace a wani filin shaƙatawa na garin, ya hangi yaro yana wucewa ta ƙasa, ya zaci abokin wasansa ne, sai ya diro gabansa. Ashe baƙo ne, sunansa Mike Watt, ɗan wani sojan ruwa wanda aiki ya kawo iyalinsa daga Jihar Bajiniya. Maimakon ya ba da haƙuri ya wuce, sai Boon ya bi shi, suna tafe yana ta zuba masa labaran ban dariya, har Watt ya ɗauka bai taɓa gamuwa da mai basira irin wannan ba. Sai daga baya ya gane ashe haddace su ya yi daga faifan wani ɗan wasan barkwanci mai suna George Carlin. Tun daga ranar ba su sake rabuwa ba sai da mutuwa ta raba.

Uwar Boon ce ta sa su a hanyar kiɗa, kuma ba don ta hango wani suna ko kuɗi ba. Unguwar ba ta da daɗi, ita dai so take in an tashi daga makaranta yaran su zauna a ɗaka inda kunnenta ke jin motsinsu. Ta ce ɗanta ya riƙe jita, Watt kuwa ya riƙe bes, watau jitar nan mai kaurin murya. To, babu wanda ya san kan abin a cikinsu. Watt ya daɗe yana kaɗa jita ta kullum mai tsirkiya huɗu, yana zaton bes ɗin ke nan. Ba su ma san ana daidaita tsirkiyoyi su dace da juna ba, a ganinsu kowa ɗaure tasa yake yi yadda ransa ke so, wani ya tamke, wani ya sassauta. Haka suka yi ta kwaikwayon waƙoƙin Creedence Clearwater Revival da Blue Öyster Cult da T. Rex, har a shekarar 1973 suka kafa 'yar ƙungiyarsu ta farko tare da Joe, ɗan'uwan Boon, a kan ganguna.

A lokacin bai taɓa faɗo musu a rai cewa su ma suna iya ƙirƙiro waƙa ba. Kiɗan rok na shekarun 1970 ya riga ya zama na manya. A filayen ƙwallo ake yinsa gaban dubban mutane, wanda ke kujerar baya ba ya hangen makaɗi sai kamar ƙuda. Ga yaran gidajen haya na San Pedro, masu hawa irin wannan dandamali wasu halittu ne daban, nasu dai su saya su saurara. A shekarar 1976 suka gama sakandare, a shekarar ce kuma uwar Boon ta rasu, ƙungiyar ta watse.

SABON KIƊA A BAKIN TEKU

A daidai wannan lokaci ne wani sabon kiɗa ya ɓullo a biranen Niyok da Landan, ana kiransa pank. Kiɗa ne mai sauri da amo, waƙoƙinsa gajeru, ba ruwansa da gwaninta ko kayan ado. Ƙungiyoyi irin su Ramones da Sex Pistols da Clash ne suka fara yin suna da shi. A shekarar 1977 aka buɗe wani ɗan kulob mai suna Masque a ƙarƙashin wani bene a Holiwud, inda ƙungiyoyin Los Anjalis irin su Germs da Weirdos da Bags suke wasa. Boon da Watt suka riƙa tuƙa mota mil kusan 30 zuwa Holiwud domin su gani da idonsu. Abin da ya ba su mamaki shi ne wanda ka gani a dandamali yanzu, in an jima sai ka gan shi tsaye kusa da kai cikin 'yan kallo, wani kuma daga cikin 'yan kallon ya hau. Nan take suka gane cewa ƙofar da suke zaton a kulle take, ashe turawa kawai take jira.

Amma ba Holiwud ce ta rungume su ba. Mutanen can suna yi wa 'yan San Pedro kallon ƙauyawa. Waɗanda suka zama 'yan'uwansu na sana'a suna kusa da gida. Arewa maso yamma da San Pedro, bayan tudun Palos Verdes, akwai jerin ƙananan garuruwa a gaɓar teku, watau Redondo Beach da Hermosa Beach da Manhattan Beach, ga kuma Hawthorne da Torrance a bayansu. A lokacin unguwanni ne na masu matsakaicin hali, iyaye da yawa suna aiki a kamfanonin ƙera jiragen sama da kayan sararin samaniya. Duniya ta san yankin ta bakin Beach Boys, 'yan Hawthorne, masu waƙar rana da rairayi da hawan igiyar ruwa a kan allo. Amma a bayan wannan kyakkyawan hoto akwai samari da yawa waɗanda zaman ya gundura, ba wurin zuwa, ba mai sauraronsu, ga 'yan sanda a kansu kullum.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Greg Ginn na Hermosa Beach. Tun yana ɗan shekara 12 yake sayar da kayan rediyo ta gidan waya da sunan wani ɗan kamfaninsa, SST. A shekarar 1976 ya kafa ƙungiya tare da Keith Morris, ɗan wani mai kantin kayan kamun kifi, wadda daga baya ta zama Black Flag. Ƙanen Ginn, mai zane Raymond Pettibon, shi ya ba ta sunan, ya kuma zana mata alamarta ta baƙaƙen sanduna huɗu. Da suka rasa kamfanin da zai buga musu faifai, sai Ginn ya kai wa masu injin bugawa da kuɗinsa, faifan ya fito a farkon shekarar 1979 da sunan kamfanin rediyon nan nasa. Mazauninsu wani tsohon coci ne da aka daina ibada a cikinsa a Hermosa Beach. A nan suke gwaji, waɗansu ma a nan suke kwana, kuma nan ne matattarar sauran yara irin su Red Cross na Hawthorne da Descendents na Manhattan Beach.

Jama'ar garuruwan ba su yi maraba da su ba. A watan Yuli na 1979 Black Flag suka yi wa hukumar wani filin shaƙatawa na Manhattan Beach dabara aka ba su damar wasa, iyalan da suka zo hutawa kuwa suka yi ta jifansu da abinci da gwangwanaye. 'Yan sanda suka sa musu ido har suka bar Hermosa Beach. Daɗin daɗawa, da kiɗan ya yaɗu zuwa Huntington Beach da sauran garuruwan kudu, sai ƙartin samari masu neman rigima suka cika wuraren wasa, rawa ta koma bangaje-bangaje, faɗa ya yi yawa, masu gidajen rawa suka riƙa rufe musu ƙofa. A cikin wannan hargitsi ne Boon ya shigo da nasa salon.

KAFA MINUTEMEN

A shekarar 1978 Boon da Watt suka haɗu da George Hurley, abokin makarantarsu wanda ya bar hawan igiyar ruwa ya kama ganguna, da kuma Martin Tamburovich a matsayin mawaƙi, suka kafa Reactionaries. A farkon 1979 suka yi wasa tare da Black Flag a San Pedro, daga nan zumunci ya ƙullu. Ƙungiyar ba ta daɗe ba, domin Boon bai ga dalilin da zai sa mutum ɗaya ya tsaya gaba yana taƙama sauran suna bayansa kamar barori ba. A watan Janairu na 1980 shi da Watt suka kafa Minutemen. Makaɗin gangunansu na farko wani mai walda ne, wasa biyu ya yi ya ga halin 'yan kallon pank ya ce ya yafe, sai Hurley ya dawo. Su ukun nan ne suka zauna har ƙarshe.

Mutane da yawa sun ɗauka sunan ya samo asali ne daga gajertar waƙoƙinsu, tun da yawancinsu ba su wuce minti ɗaya ba. Asalinsa dai sunan mayaƙan sa-kai ne na zamanin yaƙin neman 'yancin Amurka, wanda wata ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayin riƙau ta ara a shekarun 1960, su kuwa suka ɗauke shi domin su yi mata shaguɓe. Har ila yau kalmar tana iya nufin ƙananan mutane, watau kishiyar manyan taurarin filin ƙwallo.

Ginn ya gan su ya ce zai buga musu faifai. A dare ɗaya cikin watan Yuli na 1980 suka ɗauki waƙa 7 a wani ɗakin ɗaukar murya a Hermosa Beach, duka tsawonsu bai kai minti 7 ba. Faifan, mai suna Paranoid Time, shi ne na biyu da SST ta fitar. Na shekarar 1981, The Punch Line, waƙa 18 ne cikin minti 15. Ba amshi mai maimaituwa, ba dogon kirari da jita. In sun faɗi abin da za su faɗa sai su tsaya, su kama wata.

Ko yadda Boon yake kaɗa jitarsa akwai ra'ayi a ciki. Yakan ƙure mata siririyar murya har ta riƙa tsinin kunne, ya cire kaurin gaba ɗaya, domin ya bar wa bes ɗin Watt da gangunan Hurley fili. A ganinsa ƙungiya kamar ƙaramar ƙasa ce, bai kamata wani ya danne wani ba. Sa'an nan ba su tsaya ga saurin pank kaɗai ba, sun cusa jaz, da irin kiɗan James Brown, da na karkara, da na Sifaniyawa wanda Boon ya koya yana yaro. Wannan ya sa samarin bakin teku masu son a yi ta gudu ba tsayawa suka sha tofa musu yawu. Boon bai fasa ba. Ga shi ƙato, cikin tufafi irin na mai zuwa gareji, amma in ya hau dandamali sai ya yi ta tsalle har katako na motsi.

TSIMI DA TANADI

Abin da ya fi bambanta Minutemen da sauran shi ne yadda suka riƙe sana'ar. Suna da wata kalma tasu, ekono, wadda suka yanko daga kalmar Turanci ta tattalin arziki, ga shi kuma ta dace da sunan motarsu, ƙaramar bas ƙirar Ford Econoline. Ma'anarta dai tsimi da tanadi, daidai ruwa daidai tsaki. Duk su ukun suna da aikin da suke yi da rana, domin kiɗa bai isa ya ciyar da su ba, saboda haka sun san zafin kowace dala.

Ga yadda suke yi. Ba sa shiga ɗakin ɗaukar murya sai tsakar dare, lokacin da kuɗin haya ya fi sauƙi. Sukan sayi tef wanda wani ya riga ya yi amfani da shi. Kafin su je sun gwada waƙoƙin har sun zauna daram, don kada a ɓata lokaci ana maimaitawa, kuma sukan kaɗa su bi da bi yadda za su fito a faifai, don kada a biya mai yanka tef yana jerawa. In za su zaga ƙasa su ke tuƙa motarsu, su ke gyaranta, su ke sauke kaya su ɗora, su kwana a daɓen gidan duk wanda ya ba su masauki. Manyan ƙungiyoyi kan karɓi bashi wurin kamfani kafin su fita yawon wasa, su dawo da bashi a wuya. Su kuwa sukan dawo gida da 'yar riba, ba wanda yake binsu, saboda haka ba wanda ya isa ya gaya musu abin da za su rera.

Har wa yau sun raba harkar kiɗa gida biyu: akwai wasa gaban jama'a, akwai kuma talla. A wurinsu faifai da hira da 'yan jarida da hoto duk takardun talla ne kawai, aikinsu su jawo mutum ya zo wurin wasa, inda babu dillali tsakanin makaɗi da mai sauraro.

Boon bai tsaya ga kansa ba. A shekarar 1980 shi da Watt da Tamburovich suka kafa nasu ɗan kamfanin fayafayai, New Alliance, wanda ya buga wa Hüsker Dü na Jihar Minesota babban faifansu na farko, ya kuma buga wa Descendents nasu a shekarar 1982. Ya riƙa fitar da 'yar mujalla tasa, yana zana bangon waɗansu fayafayansu da kansa. Ya kuma riƙa shirya wasanni a wani gidan wasa a San Pedro, ya sa ana farawa da wuri ana tashi da wuri. Hujjarsa ita ce wasannin Holiwud sai dare ya raba ake gamawa, wanda zai yi sammakon zuwa aiki ba shi da rabo a ciki, alhali kuwa ma'aikaci ya fi kowa cancantar ya ji kiɗa, ya ma hau ya yi nasa. Guntun gatarinka, in ji masu magana, ya fi sari ka ba ni.

ABIN DA YAKE WAƘA A KAI

Boon mutum ne mai son tarihi da siyasa. Shi da Watt kullum cikin gardama suke, har akan ce wani lokaci sukan tsai da mota a hanya su shiga laburare domin littafi ya raba su. Zamanin kuwa na Shugaba Ronald Reagan ne, wanda ya hau mulki a shekarar 1981. Masana'antu suna rage ma'aikata, gidajen kifin gwangwani na San Pedro suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, gwamnati kuma tana zuba kuɗi da makamai a yaƙe-yaƙen El Salbado da Nikaraguwa. Boon ya yi waƙa a kan yaƙin Biyetnam, ya yi a kan Amurka ta Tsakiya, ya yi a kan wariyar launin fata, ya yi a kan yadda ake tatsar ma'aikaci.

Amma waƙoƙinsa da suka fi daɗewa a bakin mutane daga abin da idonsa ya gani suka fito. Ya taɓa aiki a wani kantin kayan gyaran mota, ya kunna tashar rediyo mai sa jaz da kiɗan baƙaƙen fata, maigidan ya hana shi, ya haɗa da zagin baƙar fata. Boon yana bukatar albashin, bai iya barin aikin nan take ba, sai ya juye takaicinsa cikin waƙar This Ain't No Picnic. Da za su yi mata ɗan fim, sai suka samo tsohon fim na zamanin yaƙi wanda Reagan ya fito a matsayin matuƙin jirgin sama tun yana ɗan wasan kwaikwayo, suka harhaɗa yadda za a ga kamar Shugaban Ƙasa ne yake yi wa su ukun ruwan bama-bamai.

Wata kuma, mai suna Corona, ta samo asali daga wata tafiya da suka yi zuwa bakin teku a Meziko ran 4 ga watan Yuli na 1982. Can Boon ya ga wata mata tana tsintar kwalaben da masu shaƙatawa suka zubar domin ta mayar a ba ta 'yan kwabbai. Abin ya tsaya masa a rai, ganin cewa abin da shi talakan Amurka ya yar, shi ne abincin wani a tsallaken iyaka.

BABBAN FAIFAN 1984

A ƙarshen 1983 sun riga sun ɗauki waƙoƙin sabon faifai, sai suka ji abokansu Hüsker Dü sun yi mai tagwayen fayafayai. Kishi irin na zumunci ya motsa, suka koma suka tsara waɗansu waƙoƙin, suka sake shiga ɗaki. A watan Yuli na 1984 Double Nickels on the Dime ya fito, waƙa 45 a kan fayafayai biyu, abin da aka kashe wajen ɗaukarsa kuwa dala 1,100 ne kacal. Kowannensu ya zaɓi waƙoƙin fuska ɗaya, ragowar da ba wanda ya ɗauka suka tara a fuska ta huɗu suka sa mata suna ƙaiƙayi.

Sunan faifan ma barkwanci ne. A wancan zamani, tun daga shekarar 1974, doka ta hana gudu fiye da mil 55 a awa a manyan hanyoyin Amurka, direbobin manyan motoci kuwa suna kiran wannan lamba da sunan sulalla biyu masu darajar senti 5 kowanne. A shekarar 1984 wani shahararren mawaƙi, Sammy Hagar, ya yi waƙa yana bugun ƙirji cewa shi ba ya iya bin dokar. Su Boon suka ga cewa wannan ba jarumtaka ba ce, mutum ya yi ganganci a kan titi amma kiɗansa na matsorata. Su sun gwammace su bi doka a hanya, su yi gangancin a cikin kiɗa. Hoton bangon faifan Watt ne a cikin motarsa ƙirar Volkswagen, allurar gudu tana kan 55 daidai, allon hanya yana nuna San Pedro. Ko da suka yi fice, gida suka nufa.

Masana kiɗa suka yaba faifan ƙwarai, ɗaliban jami'o'i suka riƙa sa shi a ƙananan tashoshin rediyonsu. A shekarar 1985 suka ƙara fitar da fayafayai biyu, sa'an nan ƙungiyar R.E.M., wadda tauraronta ke hawa a lokacin, ta gayyace su yawon wasa tare, suka tsaya gaban taron da ya fi wanda suka saba gani. Wasan ƙarshe na tafiyar an yi shi ran 13 ga watan Disamba a birnin Charlotte na Jihar Karolina ta Arewa. A cikin sabon faifansu har sun sa takardar ƙuri'a, domin masu saye su zaɓi waƙoƙin da suke so a sa a faifai na gaba.

AJALI A HANYA

Kwana 9 bayan wannan wasa, ran Lahadi 22 ga watan Disamba na 1985, Boon yana cikin mota a kan babbar hanya mai lamba 10 a hamadar Jihar Arizona, za su hutun Kirsimeti. Zazzaɓi yake yi, saboda haka bai tuƙa ba, ya kwanta a bayan motar ba tare da ɗamarar kujera ba. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya ya karye, motar ta saki hanya, ƙofar baya ta buɗe ta wurgo shi waje, wuyansa ya karye, nan take rai ya yi halinsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ratsa Amurka a mota domin neman abinci, sai ga shi a tafiyar hutu ajali ya same shi. An binne shi a maƙabartar Green Hills, a kan tudun da ke kallon San Pedro.

Minutemen ta mutu tare da shi, domin Watt da Hurley ba su yarda su sa wani a gurbinsa da wannan suna ba. Watt ya ajiye bes ɗinsa, baƙin ciki ya kwantar da shi, sai da abokansa na ƙungiyar Sonic Youth suka lallashe shi ya sake taɓawa. A shekarar 1986 wani saurayi mai son kiɗansu, Ed Crawford, ya taso tun daga Jihar Ohayo har San Pedro ya matsa masa, suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna fIREHOSE tare da Hurley. Ƙuri'un nan da masu saye suka aiko ba a zubar da su ba, an tattara waƙoƙin da aka zaɓa daga tsofaffin kaset aka fitar a shekarar 1987.

ABIN DA YA BARI

Hanyar da Black Flag da Minutemen da ire-irensu suka share, ta ƙananan kulob da ƙananan kamfanoni da kwana a daɓen masoya, ita ce ɗaruruwan ƙungiyoyi suka bi bayansu. Da ƙungiyar Nirvana ta yi kasuwar miliyoyi a shekarar 1991, manyan kamfanoni suka ruga neman irin yaran da a da ba sa ko amsa musu wasiƙa. Boon bai ga wannan rana ba. A shekarar 2000 wani shirin talabijin na tashar MTV ya ɗauki kiɗan Corona ya mai da shi taken buɗewa, miliyoyin matasa suka haddace sautin jitarsa, da yawansu ba su san labarin matar nan mai tsintar kwalabe ba. A shekarar 2001 marubuci Michael Azerrad ya fitar da littafin tarihin ƙungiyoyin wancan zamani, ya ɗauko sunan littafin daga wata waƙar Minutemen. A 2003 mujallar Rolling Stone ta sa faifan nan na dala 1,100 cikin fayafayai 500 da ta ce sun fi kowanne, a 2005 kuma aka yi fim na tarihin ƙungiyar.

San Pedro ta sake kama. Gidajen kifin gwangwani sun rufe, maƙerar jiragen ruwa ta Todd ta tsaya a shekarar 1989, manyan ƙugiyoyi masu ɗaga kwantena sun karɓe yawancin aikin da ƙarti ke yi da kafaɗa. Garuruwan bakin tekun nan kuwa sun zama na masu hannu da shuni, har gidan haya a cikinsu ya fi ƙarfin irin yaran da suka taru a tsohon cocin Hermosa Beach. Mike Watt dai bai bar San Pedro ba, bai kuma bar bes ɗin da uwar Boon ta ɗora masa ba. Shekara da shekaru yana fitar da fayafayai, yana rubuta a bangonsu cewa ya sadaukar da su ga yaron nan da ya diro masa daga kan itace.